Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ranar da na ga hannuna a kwamfuta

Assalamu alaikum jama'a. Satin da ya wuce mun tsaya inda aka sallamo ni daga asibiti, ƙafa ta fara ɗauka ina dogara sanda, amma hannun dama yana nan a dunƙule kamar wanda ya damƙe kuɗin cefane ya hana kowa. Wata 2 kenan da faɗuwata a shago, ɓarin jiki ya shanye. Ni da na girma da almakashi a hannu, yau tuwo ma da hagu nake ci, in an yi baƙi sai in ce na ƙoshi.

Ran Talata ƙanina ya kai ni sashen fisiyo, inda ake motsa wa marasa lafiya gaɓoɓi, a adaidaita. Likitar yarinya ce sa'ar 'yata ta fari, ta goge min bayan hannu ƙasan gwiwa da auduga da sifirit, ta manna wasu 'yan faifai guda 3 masu waya zuwa jikin kwamfuta. Nace likita ba dai shokin za ki ja min ba? Tai dariya tace "Baba wannan ba ta ba da wuta, saurare kawai take yi. In ƙwaƙwalwa ta aiko wa tsoka saƙo akwai ɗan lantarki da ke tashi a ciki, shi take kamawa ta nuna maka."

Tace in ɗaga yatsu. Na yunƙura na cije haƙora, kafaɗa ta tashi har kunne, zufa sharkaf, yatsa ko gezau. Amma wani koren layi a allon ya ɗan yi tsalle, abin yace ƙit. Nace kin taɓa wani abu ne? Tace "Kai ne Baba, sake." Na sake, ƙit. Wallahi sai da na kau da kai kar yarinyar nan ta ga hawaye, don ni a zuciyata na riga na yi wa hannun nan jana'iza.

Sai ta mayar da faifan ta cikin hannu, wajen tsokar da ke dunƙule yatsu. Nan layin har saman allo yake kaiwa alhali ni buɗewa nake son yi! Ashe duk ƙarfin da nake sawa can yake tafiya, ina ja suna ja. Nan take na tuna keken ɗinki, in zaren ƙasa ya yi tauri ko ka taka da ƙarfin doki ɗinkin tattarewa zai yi. Sauran lokacin kaf a koyon sakin jiki muka ƙare, in ja numfashi, in sauke kafaɗa, in kalli layin nan har ya kwanta, sannan in gwada buɗewa a hankali. Ya fi yunƙurin wuya nesa ba kusa ba.

A hanya ƙanina na ta mitar kuɗin mota, ni kuwa hannun na ɗora a cinya ina kallo.

Sati mai zuwa in Allah Ya kai mu za ku ji yadda muka kwashe da maɓallin riga. A yi haƙuri da kurakurai, har yanzu da hagu nake taifin.