Asabar, cikin hazo a bayan garinmu

Yau kwana na uku a ƙauyenmu kusa da Mai'adua, kuma gaskiya da haushi na tashi, ba sabis ko layi ɗaya, leɓena duk ya tsage, ga faso ya fara min a diddige duk da man kaɗen da Inna ta sa na shafa jiya da daddare. Bayan mun sha kunu sai Kawu ya ce, "Kai ɗan birni, ajiye wayar nan ka raka ni gona, zan duba harawa." Ni dai na bi shi ne don kar a ce na yi gardama, a raina ina cewa me za a gani a watan Janairu ban da ƙura da kututturen gero.

Hazo ya sauko sosai, rana kamar faranti fari, har kana iya kallonta ido bai yi zafi ba. Kuka duk ta zubar da ganye tsirara, sai 'ya'yanta suna reto. A tsakiyar wannan fari fat ɗin sai ga gawo, kore shar abinsa, ba ɗaya ba ba biyu ba, a warwatse har inda hazon ya yanke min gani wajen Kongolam. Wallahi na sha wucewa ta nan a mota amma ban taɓa lura ba.

Kawu ya yi min dariya ya ce ai gawo ba ya shiri da damina, ruwa na sauka sai ya kakkaɓe ganyensa, sai kowa ya bushe sannan shi ya yi ado, saiwarsa can ƙasa take zuwa ta sami ruwa. Shi ya sa geron da ke gindinsa ya fi na ko'ina kai, ba inuwar da za ta tsare shi da damina, ga ganyen ya ruɓe ya zama taki, ga shanu sun wuni a ƙasansa duk rani suna kashi. Ya ce su sun taso suna jin cewa zamanin Sarkin Damagaram Tanimu sare gawo babban laifi ne, kuma har yau in ka tsallaka Nijar wajen Matameye ko Magarya za ka ga yadda suke ji da shi.

Mun zauna a gindin wani babba. Wani yaro Bafulatani ya zo da doguwar sanda yana kaɗo 'ya'yan, masu ruwan lemo a murɗe kamar kunne, awaki na rububi har wata ƙaramar akuya ta taka min ƙafa. Na ɗauki ɗaya na girgiza, ƙwayoyin ciki suna kacau-kacau. Balbela farare sol suna bin shanu a baya, kurciya na kuka can sama, iska in ta taso sai ka ji karan dawa na ƙara kamar ana shara. Tumfafiya ma da nake rainawa ashe furenta kyakkyawa ne, fari da ɗan shunayya a baki, sai da na durƙusa na duba da kyau.

Na ɗauki hoto ya fi ashirin amma duk sun fito dishi-dishi, koren nan sam bai fito ba, na haƙura.

A hanyar dawowa mun tsinci magarya da aduwa, na cika aljihu, ƙarangiya kuma ta cika min ƙafar wando. Inna na ganina ta ce, "Ɗan nan daga kabari ka fito?" don har gashin idona ya yi fari. Yanzu ina zaune ina cire ƙarangiya ɗaya-ɗaya da fitilar waya, Kawu ya ce gobe da sassafe fadama za mu, wajen masu albasa.