Wasan karanta zuciya da littattafai 9

Idan an taru a falo ana hira ta fara yin sanyi, ga wasan da ke farfaɗo da ita. Mutum biyu ne ke riƙe da sirrin, mai duba da mai nuni, sauran jama'a kuma ba su san sun haɗa baki ba.

A jera littattafai 9 a kan tabarma, layi 3, kowane layi guda 3. Mai duba ya fita waje, jama'a su zaɓi ɗaya, a kira shi ya dawo. Mai nuni ya ɗauki sanda yana taɓa su yana tambaya, "Wannan ne?"

Duk dabarar tana cikin taɓawar farko. Bangon littafin farko shi ne taswirar jerin. In bakin sanda ya sauka a kusurwar sama ta dama, na sama a dama aka zaɓa. In a tsakiya, to na tsakiya ne. Sai mai duba ya yi ta cewa a'a har a iso kan wanda aka zaɓa.

  Ƙananan kati ba sa yi a madadin littattafai, bakin sanda sai ya rufe gefe da kusurwa gaba ɗaya. Mai duba kada ya zuba wa sanda ido, ya dafe goshi ya ɗan ja lokaci.

Zagaye 3 ko 4 sun isa, yara masu ido sukan fara bin bakin sanda. Daga nan a tona asirin, kada wata goggo ta tafi gida tana cewa duba ake yi a gidan.