Ribar Wake Tana Hannun Mai Ajiya

Duk shekara idan kaka ta yi, nakan ga kawuna ya loda buhunan wakensa ya nufi kasuwar Mai'adua, ya sayar da su a daidai lokacin da kowa yake kawo nasa, wato lokacin da wake ya fi araha. Idan bazara ta zo kuma, shi da kansa zai koma ya auno irin shuka da tsada. Na taɓa tambayarsa dalili, sai ya ce mini, "Ɗana, mai bashin taki ba ya jira, ƙwaro ma ba ya jira."

Maganar nan tasa ita ce ta sa nake ganin matasanmu na ƙasar Daura da ke neman sana'a sun bar wata babbar ƙofa a buɗe. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa noman wake a duniya, Nijar da ke maƙwabtaka da mu tana biye da ita, amma manomin da ya sha rana a gona ba shi yake cin mafi yawan ribar ba. Wanda yake da halin saya da kaka, ya adana, ya kai Dawanau a Kano ko ya tura kudu bayan wata biyar ko shida, shi yake kwashe ta.

Matsalar ƙwaro dai tana da magani, kuma ba fiya-fiya ba ne. Zuba wa wake irin wannan guba shi ya jawo Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya ƙasashenta a shekarar 2015, kuma abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, waken da Turawa suka ƙi shi muke dafa wa 'ya'yanmu. Akwai buhun nan mai hawa uku da ake kira PICS, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka samar: leda biyu masu kauri a ciki, buhu a waje. Idan wake ya bushe sarai, aka sheƙe shi, aka matse iska aka ɗaure kowace leda daban, numfashin ƙwaron da kansa yake cinye iskar da ta rage, ya daina ci, ya daina haihuwa, ya mutu. Sharaɗin kawai shi ne kada leda ta huje, kada a riƙa buɗewa, kuma a ɗora buhun a kan katako nesa da ɓera.

Bashi shi ne mai wuyar. A nan ne nake ganin aikin matasa, domin idan mutum biyar ko goma suka haɗa jari kamar yadda ake adashi, za su iya ba manomi wani kaso na kuɗin wakensa da kaka ya sallami mai bin sa, su adana masa, su ware fari daga ja, su tsince tsakuwa, sannan a raba abin da ya ƙaru ranar sayarwa bisa yarjejeniyar da aka rubuta gaban shaidu. Mai sheƙa, mai ɗinkin buhu, ɗan dako da direba duk za su ci abinci a cikin garin, kuɗin kuma ya zauna a nan. Ba ɓoye abinci nake nufi ba, wanda addini ya hana. Adana amfanin kaka zuwa lokacin da ake buƙatarsa shi ne aikin da rumbu yake yi tun zamanin kakanni. Kuma akwai shekarar da farashi yake faɗuwa maimakon ya tashi, saboda haka bai kamata kowa ya zuba jarinsa kaf a nan ba.

Bana mun shawo kan kawu ya bar mana buhu huɗu a zaure, muka biya masa kuɗin takin. Kusan kowace safiya sai ya leƙo ya shafa ɗaurin, ya kara kunnensa a jikin buhun ko zai ji motsin ƙwaro.