Neman fili a Garwa ta Kamaru

Wallahi na gaji. Shekara 4 ina adashe ina tara sefa don in samu ɗan fili in huta da haya, jiya dillali ya kai ni Jambutu, filin da aka ce min miliyan 2 bara yanzu wai 3 da rabi kuma ba ragi, mai shi ko kallona bai yi ba don mutum biyu na jira da kuɗi a hannu. Na ce to titir fonsiye fa, wato takardar mallakar fili ta gwamnati? Wai takardar jauro, wato mai unguwa, kaɗai gare shi. Mai araha kuma sai can bakin Binuwai inda ruwa ke ci duk damina. Hajiyata dai ta ce in ƙara haƙuri, haƙurin ma haya nake biya a kansa.