Kokawar Neman Gurbi a Cikin Mutum 53

A watan Agusta, lokacin da gidajen kallo na Birnin Kebbi ke cika da masu ɗokin Firimiyar Ingila, ni hankalina yana kan wasannin share fage na ƙwallon Amurka, wadda ake runguma a gudu da ita, kuma abokan zamana sun daɗe da gajiya da yi mini tsiya a kan haka. Kowace ƙungiya a gasar NFL, wato babbar gasar ƙwallon Amurka, tana shiga sansanin horo da 'yan wasa har 90, amma kafin a fara kaka dole ta rage su zuwa 53, bayan wasanni 3 kacal ga yawancin ƙungiyoyi.

Masu gudu da ƙwallo, waɗanda ake danƙa wa ita su kutsa cikin masu tsaro, gurbi 3 ko 4 aka saba ware musu. Gwanin cikinsu ba a cika saka shi a waɗannan wasanni ba saboda gudun rauni, don haka kokawar ta 'yan baya ce. Da farko na ɗauka wanda ya fi gudu ake zaɓa, sai daga baya na gane cewa koci ya fi damuwa da wanda zai tare ƙaton da ya yo kan mai jefa ƙwallo, wanda ƙwallo ba ta kuɓuce masa, wanda kuma zai yarda da aikin wahala idan aka buga ƙwallo da ƙafa.

Terrell Davis ne hujjata. A 1995 ƙungiyar Denver Broncos ta ɗauke shi a zagaye na 6 na zaɓen sababbin 'yan wasa, ba wanda ya damu da shi, har ranar da suka kara da San Francisco 49ers a wasan share fage a Tokyo, inda ya kifar da mai dawo da ƙwallo da irin kayen da ya sa masu horo suka fara lura da shi. A 1998 ya yi gudun yadi 2,008.

Wanda aka sallama kuwa, idan da rabo, yakan faɗa ajin 'yan atisaye, inda albashi ya yi ƙasa sosai. Daga nan Arian Foster ya fara a Houston a 2009, shekarar da ta biyo baya kuma ya fi kowa gudu da yadi 1,616. Shi ya sa nake hana idona barci har wajen ƙarfe 3 na dare, ruwa na dukan kwano, ina kallon zangon ƙarshe bayan manya sun zauna.