Godiya bayan wasan tunawa da Cicely Tyson

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki. Alhamdu lillahi, an yi taro an tashi lafiya, kuma sai yau gajiya ta sake ni na iya zama in rubuto muku. Duk wanda ya bi mu tun daga ranar da makarantar 'yata a nan Bronx, a birnin New York, ta zaɓe ta ta fito a matsayin Cicely Tyson, marigayiya 'yar wasan kwaikwayo ta Amurka, ya san maganganun da muka sha daga wasu dangi kan barin ta ta yi wasan, ya san zazzaɓin da ya kwantar da ita gab da ranar, saboda haka ba sai na maimaita ba.

Da wasa ya kai inda mahaifiyar Cicely ta kore ta daga gida don ta zaɓi wasan kwaikwayo, sai muryar yarinya ta sarƙe, ta tsaya cak tana kallon jama'a. Gabana ya faɗi, domin na san ba mantuwa ta yi ba, kalaman ne suka yi kama da waɗanda ta ji daga bakin nata dangin. Wata dattijuwa 'yar unguwar Harlem da ban taɓa gani ba ta kama hannuna ta riƙe gam, ba ta ce uffan ba, ba ta kuma sake ni ba sai da yarinya ta ja numfashi ta ci gaba. Daga baya ta gaya mini cewa tana cikin waɗanda suka bi layi cikin sanyin Fabrairun 2021 a cocin Abyssinian don yi wa Cicely bankwana. Mama, Allah ya saka miki da alheri a duk inda kike.

Masu tambayar dalilin da ya sa muka amince yarinya ta yi wasan, ku dubi matar da aka kwaikwaya. Ta gwammace ta zauna ba aiki da ta karɓi rawar da za ta wulaƙanta baƙar mace. Ita ce uwar gida mai haƙuri a fim ɗin Sounder a 1972, ita ta zama tsohuwa mai shekara 110 a matsayin Jane Pittman a 1974 ta ci kyautar Emmy ta shirye-shiryen talabijin guda biyu, ita ce kuma Binta, mahaifiyar Kunta Kinte, a shirin Roots na 1977. Ta koma dandalin wasan kwaikwayo na Broadway a New York tana da shekara 88 ta karɓi kyautar Tony ta wasan dandali a 2013. A ganina babu abin kunya ga yarinyar da ta tsaya ta ba da tarihin irin wannan mace.

Goggo ta hana a ambace ta, amma dole in faɗa: ita ta kwana a kan keke tana ɗinka zani da ɗankwalin Binta. Yaya ya ajiye tasi a daren da ya fi samun fasinja, ya yi ta jigilarmu. Liman ya karanta rubutun wasan daga farko har ƙarshe kafin ya sa albarka. Malamar wasan kuwa ta bar 'yata ta fito da suturarta ba gardama.

Kujerun da muka ajiye wa wasu na jikinmu haka aka tashi ba kowa a kansu. Ban riƙe kowa a zuciya ba, sai dai yarinya ta waiga ta gani.

Allah ya biya ku da mafificin alheri, ya raya muku zuri'a, ya rufa muku asiri duniya da lahira, ya sa ranar bukatarku ku sami mai tsaya muku. Amin.