Abin da Rajistar Kayan Tarihi Ta Koya Mini Kan Mayar da Kaya Ga Masu Su

Aikin da na fi daɗewa a kansa a gidan adana kayan tarihi shi ne aikin rajista, wanda maziyarta ba sa ganinsa, kuma ba kasafai ake ambatonsa ba idan ana yabon gidan. Duk abin da ya shigo, ko tukunya ce, ko takobi, ko guntun ƙarfe, sai an ba shi lamba, an auna tsawonsa da faɗinsa, an ɗauki hotonsa, sannan a rubuta inda ya fito da sunan wanda ya kawo shi. Akwai kuma wani gurbi a kundin da ake rubuta yadda aka same shi: kyauta ce, ko saye, ko aro, ko kuwa haƙo shi aka yi a kufai. Da wannan gurbin nake auna duk muhawarar da ake yi a yau kan kayan tarihin Afirka da ke jibge a Turai da Amurka, domin na lura cewa yawancin gardamar tana raguwa da zarar an tilasta wa kowane ɓangare ya cike shi da gaskiya.

Kayan tagulla na Benin, masarautar da ke jihar Edo ta yanzu, su ne misalin da ba ya bukatar dogon bincike. A watan Janairun 1897 aka kashe wani jami'in Birtaniya mai suna James Phillips tare da yawancin 'yan tawagarsa a hanyarsu ta zuwa birnin Benin, bayan an nemi ya jinkirta zuwansa. A watan Fabrairu rundunar da Admiral Harry Rawson ya jagoranta, mai mutum kimanin 1,200, ta ci birnin da yaƙi, wuta ta cinye fada, aka kuma kwashe dubban kayayyaki: allunan tagulla da a da suke manne a ginshiƙan fada, da kawunan sarakunan da suka shuɗe, da hauren giwa da aka sassaƙa. Sarkin Benin, wato Oba Ovonramwen, an kai shi gudun hijira Kalaba, inda ya rasu a 1914. Wasu kayan hafsoshi suka raba a tsakaninsu, wasu aka sayar a Landan, daga nan suka bazu, har gidan tarihi na Berlin ya tara fiye da 500, Gidan Tarihi na Birtaniya kuma yana riƙe da kimanin 900. Waɗanda suka kwashe kayan ba su ɓoye ba. Sun rubuta rahotanni, sun ɗauki hotunan kansu zaune a tsakiyar ganimar. Idan ni ne zan cike gurbin nan na kundi, kalma ɗaya zan rubuta, wato ganima, kuma ba na ganin wucewar shekaru ko yawan hannuwan da kayan suka bi za su iya goge ta.

Sai dai wannan aikin ne kuma ya hana ni yarda da masu cewa duk wani abu na Afirka da ke waje sato shi aka yi. Jakar fata ko rigar saƙi da wani matafiyi ya saya a kasuwar Kurmi ya biya kuɗinta ba ɗaya take da kan tagulla da aka ɗauke daga wurin tunawa da kakannin sarki ba. Tsakanin waɗannan biyun akwai fili mai faɗi da ke da wuyar hukunci, kamar abin da basarake ya miƙa wa Razdan da sunan kyauta alhali rawaninsa yana hannun Razdan ɗin, ko abin da aka saya da arha daga mutanen da aka ci da yaƙi jiya. Irin waɗannan sai an bi su ɗaya bayan ɗaya, da takardu da haƙuri. Wanda ya haɗa su duka a buhu guda yana raunana hujjarsa ne, domin yana bai wa abokin gardamarsa damar ɗauko misali mafi rauni ya kāre kansa da shi.

Hujjar da aka fi jefa mana ita ce wai ba za mu iya kula da kayan ba. Ba zan ce babu ƙamshin gaskiya a cikinta ba, tunda na san abin da damina ke yi wa takarda da fata, na san ƙurar hunturu da gara, na kuma san yadda ɗaukewar wutar lantarki ke mayar da na'urar daidaita zafi da laima abin ado kawai. Amma a kundin rajista, mai abu da wurin ajiyar abu gurabe biyu ne daban, kuma kyawun ma'ajiya bai taɓa mayar da mai ajiya mai kaya ba. Ban da haka, a watan Agustan 2023 Gidan Tarihi na Birtaniya da kansa ya bayyana cewa kayayyaki kimanin 2,000 sun ɓace, ko an sace, ko an lalata su a ma'ajiyarsa, daraktansa Hartwig Fischer ya yi murabus, kuma ya fito fili cewa da yawa daga cikin kayan ba a yi musu cikakkiyar rajista ba, shi ya sa aka daɗe ba a gane sun tafi ba. Ban ji daɗin wannan labari ba ko kaɗan, domin asara ce ga kowa. Abin da ya tabbatar mini shi ne cewa abin da ke tsare kaya, a Landan ko a Legas, shi ne a rubuta su, a ɗauki hotonsu, a riƙa ƙirga su a kai a kai, kuma wannan aiki ne da ya fi bukatar riƙon amana fiye da kuɗi.

Bambancin nan na mallaka da ajiya shi ne kuma ma'aunin da nake duba yarjejeniyoyin shekarun nan da shi. A watan Yulin 2022 Jamus ta sa hannu da Najeriya kan miƙa mallakar kayan Benin fiye da 1,100, a watan Disamba ministar harkokin wajenta Annalena Baerbock ta kawo kashin farko Abuja, wasu kuma suka ci gaba da zama a Jamus a matsayin aro daga Najeriya. Wannan tsari ya yi mini daidai, domin ya nuna cewa ana iya ci gaba da nuna kayan ga duniya ba tare da an ci gaba da musun mai su ba. A 2025 Holan ta mayar da guda 119. Abin da ya faru da masarautar Asante a Ghana kuwa akasin haka ne: a 2024 gidajen tarihi biyu na Landan suka aika kayan zinariya da azurfa guda 32 zuwa gidan tarihin fadar Manhyia da ke Kumasi, da yawansu an kwashe su ne a yaƙin da Birtaniya ta yi da Asante a 1874 da abin da ya biyo baya, amma a matsayin aro na shekara uku da za a iya sabuntawa. Na fahimci dalilin da ya sa Asantehene, sarkin Asante, ya karɓa, domin jama'arsa sun ga kayan kakanninsu da idonsu bayan shekara 150, sai dai Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara, balle a ce abin da aka ara maka naka ne tun asali.

Dalilin da ake bayarwa na ƙin mayar da kayan dungurungum shi ne dokar 1963 da ta hana Gidan Tarihi na Birtaniya rabuwa da kayansa sai a 'yan yanayi ƙalilan. Doka ce ta gaske, amma majalisa ce ta yi ta. Faransa ma tana da ƙa'idar da ta hana fitar da kayan gwamnati, duk da haka bayan jawabin Shugaba Macron a Wagadugu a 2017 da rahoton masana Felwine Sarr da Bénédicte Savoy na 2018 kan mayar da kayan tarihin Afirka, majalisarta ta yi doka ta musamman a ƙarshen 2020, kuma a watan Nuwamban 2021 kayan fadar Abomey ta tsohuwar masarautar Dahomey guda 26 suka koma Jamhuriyar Benin. Roƙon Najeriya ma ba sabo ba ne. Tun lokacin FESTAC, bikin al'adun Afirka da aka yi a Legas a 1977, aka nemi Gidan Tarihi na Birtaniya ya bayar da fuskar hauren giwa ta Sarauniya Idia ta Benin, wadda ita ce tambarin bikin, ba a samu ba, sai kwaikwayonta aka sassaƙa.

Tambayar da ta fi ba ni wahala ita ce hannun wa za a damƙa kayan idan sun dawo. A 1897 babu ƙasar da ake kira Najeriya a siffarta ta yau, daga fadar Oba aka ɗauke su. A watan Maris na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya fitar da sanarwa a hukumance cewa Oba na Benin, wato Ewuare na Biyu a yanzu, shi ne mai kayan kuma mai kula da su, abin da ya tayar da hankalin wasu a Turai da suka ɗauka gidan tarihi na gwamnati za a kai su. A wani ɓangaren kuma wata ƙungiyar jikokin bayi a Amurka ta ce su ma suna da haƙƙi, tunda wani ɓangare na ƙarfen da aka narka ya fito ne daga mundayen tagulla da Turawa suka yi ciniki da su a gaɓar teku, har da cinikin bayi. Wannan magana ce mai nauyi da bai kamata a yi watsi da ita ba, kuma ya dace a rubuta ta a bayanin da ke gefen kayan duk inda aka nuna su. A ganina dai sarauta ce aka ƙwace wa kayan, ita ya kamata a mayar wa mallaka, amma da sharaɗin da mu 'yan ƙasa za mu nema, ba baƙi ba: cikakkiyar rajista da kowa zai iya dubawa, da ƙofa a buɗe ga ɗalibai da maƙeran unguwar Igun da har yau suke zubin tagulla a birnin Benin.

Akwai asarar da ba a cika ambata ba a wannan muhawara, kuma ita ce ta fi kusa da mu. Tun daga 1928 masu haƙar kuza suka fara cin karo da siffofin yumɓu a kusa da ƙauyen Nok da ke kudancin Kaduna, daga baya Bature mai binciken kufai Bernard Fagg ya gane cewa al'ada guda ce mai shekaru fiye da 2,000, aka buɗe gidan tarihi na Jos a 1952. A shekarun 1990, da farashinsu ya tashi a kasuwannin Turai, sai haƙa ta ɓarke a ƙasar Nok, da Kwatarkwashi ta jihar Zamfara, da wasu sassan Katsina da Sakkwato, haka nan a Bura da ke yammacin Nijar. Wannan ba sojan mulkin mallaka ne ya yi ba. Dillalai ne suka ba talakawa 'yan kuɗi kaɗan suka tone, aka tsallakar da kayan ta kan iyaka. Har gidan tarihi na Louvre da ke Faris ya baje wasu daga cikinsu a shekarar 2000, abin da ya jawo ce-ce-ku-ce, kafin a 2002 Faransa ta amince cewa na Najeriya ne, aka bar mata su aro na shekara 25.

Allon tagulla na Benin idan ya dawo, ya dawo da tarihinsa, domin an san fadar da ya fito, an san sarakunan da aka yi shi dominsu, akwai kuma masu riƙe da labarin a baki. Siffar Nok da aka tone da dare kuwa, ko an mayar da ita gobe, abin da ya fi ta daraja ya riga ya tafi. Mai binciken kufai yana bukatar sanin zurfin da aka same ta, da gawayin da ke gefenta wanda da shi ake gane shekaru, da fasassun tukwane, da ƙwayar gero da ta ƙone, da kashin ƙarfen maƙera, domin daga waɗannan ne ake sanin abin da mutanen suka ci da yadda suka zauna. Masu haƙar ɓoye suna watsar da duk wannan su ɗauki kai kaɗai. Na sha riƙe irin waɗannan kayan da aka ƙwace daga hannun masu fasa-ƙwauri, in zo gurbin inda aka samo su in bar shi fayau, kuma ba wata yarjejeniya tsakanin gwamnatoci da za ta cike shi.

Na san da yawa daga cikin mutanenmu suna ɗaukar waɗannan siffofi a matsayin gumaka, suna ganin tafiyarsu ba asara ba ce, wasu ma suna farfasa su idan garma ta tono su a gona. Ina girmama tsoron shirka da ke bayan wannan tunani, amma ajiye abu domin a san yadda mutanen da suka riga mu zama a ƙasar nan suka rayu ba bauta masa ba ne, kuma wannan bayani ya fi shiga idan ya fito daga bakin dagaci da limamin gari fiye da bakin ma'aikacin da ya zo daga birni. Dokar 1979 da ta kafa hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa ta hana haƙa da fitar da kayan tarihi ba tare da izini ba, amma manomin da bai san wanda zai kai wa rahoto ba, dillali zai riga hukuma isa wurinsa.

A watan Nuwamban 2022 aka buɗe wani kundi a intanet mai suna Digital Benin, wanda ya tattara bayanan kayan Benin 5,246 da ke cibiyoyi 131 a ƙasashe 20, kowane da hotonsa da hanyar da ya bi har ya isa inda yake. Da irin wannan kundi ake iya rubuta takardar neman kaya da lambarsa da sunan ɗakin da yake ciki. Littattafan malamanmu da aka rubuta da hannu, da kayan sarauta, da tutoci da makaman da suka bar ƙasar Hausa bayan Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903, su ma suna bukatar mai bin sawunsu a rajistocin Turai ya jera su ɗaya bayan ɗaya, kuma ɗaliban tarihi na jami'o'inmu da ke Zariya da Kano da Sakkwato da Yamai suna iya fara wannan aiki da kwamfuta da takardun da gidajen tarihin suka riga suka wallafa.